Fatsa a ƙoramun bakin teku lokacin sanyi: me za ka saƙala a ƙugiya?

Tambayar nan ta fi zuwa daga ƙannenmu 'yan Kano da karatu ko aiki ya kai kudancin gaɓar tekun Amurka, wani Teksas wani Jojiya wani Karolina, kuma dama tun a gida masu son fatsa ne, irin waɗanda ranar Lahadi za ka ga sun yi goyo a mashin sun nufi Tiga ko Wasai da gwangwanin tana. To mutum ya shiga shagon kayan kamun kifi a watan Disamba, ya ga bango guda reras da robobi kala-kala, ga tankin jatan lande yana ɓulɓula a gefe ga firiza cike da mataccen kifi, kuɗin aljihunsa kuma ba za su ɗauki komai da komai ba, sai ka ji saƙon murya ya shigo WhatsApp, Yaya don Allah wanne zan saya? Amsar ba ta shiga saƙon minti ɗaya, shi ya sa na ce bari na zauna na warware ta gaba ɗaya, wanda zai tafi nan gaba ma ya karanta tun yana Kano.

Abu biyar ne mutum yake ruɗewa a tsakaninsu: jatan lande mai rai, 'yan ƙananan kifin taɓo masu rai, mataccen abinci irin su gunduwar kifi da ƙaguwa, roba mai laushi, sai kifin roba mai tauri. Amma sai ka fara sanin abin da sanyi yake yi wa kifin, in ba haka ba lissafin ba zai zauna maka ba.

Yadda kifin yake a watan Disamba zuwa Fabrairu

Wurin fadama ce ta ruwan gishiri, ciyawa iya ganinka, 'yan ƙoramu sun ratsa ta suna lanƙwasawa, ƙasan baƙin taɓo ne mai danƙo, nan da can kuma ga tarin kawa, wani irin dodon koɗi na teku mai ɓawo da kaifi da yake yanka zare ya yanka ƙafa. Manyan kifayen da ake nema su ne jan kifi mai baƙin ɗigo a gindin wutsiya wanda mutanen can suke ce wa redfish, da wani siriri mai ɗige-ɗige a baya da suke ce wa speckled trout, sai ɗan'uwan jan kifin baƙi mai gemu a haɓa wato black drum, da sheepshead mai zanen baƙi da fari da haƙora jere a baki. Shi flounder, mai faɗin nan da yake kwanciya a ƙasa idonsa biyu a gefe guda, manyansa suna fita teku tun kaka don yin ƙwai, kar ka sa rai da shi sosai.

Kifi ba shi da ɗumin jiki na kansa, yadda ruwa yake haka jikinsa yake. Da ruwa ya huce abinci ya daina narkewa da wuri, yunwa ta ragu, ba zai ɓata ƙarfinsa wajen bin abu da gudu ba. Sai su tattaru wuri ɗaya a rami mai zurfi, yawanci a bayan gwiwar ƙorama inda gudun ruwa ya ƙwaƙule ƙasa, saboda ruwan can ƙasa ba ya saurin canzawa. In kuma rana ta fito ta daki baƙin taɓon da ruwa ya janye ya bari, taɓon ya sha zafi, ruwa ya dawo ya rufe shi, wannan ɗan wurin sai ya fi ko'ina ɗumi, jan kifi su hauro garke guda su kwanta a ruwan da bai kai gwiwa ba, can ma dolfin, wata babbar dabbar teku da take farautarsu, ba ta iya shiga. Ka san yadda dattawan unguwa suke jeruwa a jikin katanga da hantsi ranar da hunturu ya buso, kowa ya ƙudundune ba mai son motsi, in mai ƙosai ta zo har gabansu a saya in ta wuce ta nesa ba wanda zai tashi ya bi ta? To haka kifin nan yake.

Shi ya sa yawancin ƙoramar fayau take, kifin yana wuri ɗaya ko biyu, in ka same su ka samu da yawa in ba ka same su ba ko taɓawa ba za ka ji ba. Ruwan ma yana yin garau da sanyi saboda gansakukar da take gurɓata shi ta mutu, yana ganinka yana ganin zarenka.

Sai abin da ba mu da shi a Tiga ko Challawa, cika da janyewar teku. A ɓangaren tekun Atlantika ruwa yana cika sau biyu ya janye sau biyu a rana, kullum kuma lokacin yana matsawa gaba da wajen minti 50, a gaɓar Jojiya bambancin yana kai mita 2 har ya wuce. A ɓangaren Teksas da Luwiziyana kuwa bambancin kaɗan ne, can iska ce take mulki, in iskar arewa mai sanyi ta kaɗa sai ta kore ruwan daga fadama gaba ɗaya. Kuma ka manta da sammakon da muka saba, ba a fita bayan asuba, tsakanin azahar da la'asar ne lokacin, musamman ranar da janyewar ruwa ta faɗo da rana tsaka.

Ma'aunin da za mu auna su da shi

Na farko kuɗi, kuma ba kuɗin yau kaɗai ba, nawa za ka riƙa kashewa duk fita. Na biyu ƙarko, wato zai kwana ya kai wani satin ko yau ɗin nan zai ƙare. Na uku sauƙi ga wanda bai saba ba. Na huɗu haɗari, na asara da na rauni da na doka. Na biyar wanda a wajena ya fi duk sauran nauyi: shin abin zai iya zama a gaban hancin kifi ya daɗe bai wuce ba, kuma yana jan hankalinsa a hakan?

Jatan lande mai rai

Wannan babu kifin da yake ƙin sa, duka huɗun da na lissafa suna ci. Ana saƙala shi ta ƙasan ƙahon kansa, ka duba za ka ga wani baƙin tabo a cikin kan, kar ƙugiya ta taɓa shi don nan ne ƙwaƙwalwarsa, in ka soke nan ya mutu nan take. Sai ka sa 'yar gora mai yawo a saman zare, ka auna tsawon yadda jatan landen zai sauka kusa da ƙasa, ka jefa sama da ramin ruwa ya kawo shi da kansa. Gora ta nutse ka ja, magana ta ƙare, ko yaro zai iya. Wani alherin sanyi kuma, 'yan ƙananan kifin nan ɓarayi da suke tsinke shi da zafi sun ragu sosai.

Matsalarsa kuɗi da rauni. Wasu wuraren dozin-dozin ake sayarwa, a Teksas awo ake yi, kuma awon da zai ishe ka yini yana iya cin dala 20 ko fiye, kar ma ka juya shi zuwa naira ranka zai ɓaci. Dole ka sayi bokiti da ɗan injin batir mai hura iska a ruwa, batir ya mutu su mutu. Ba ya kwana biyu a hannun wanda ba shi da tanki. Sannan babbar damuwar, da sanyi ya tsananta jatan lande yana gudu zurfi, masu kamo shi su rasa, ka je shago ka tarar da tanki wayam. Ka riƙa bugo waya kafin ka fito.

'Yan kifin taɓo

Su ne nake ganin ba a ba su haƙƙinsu ba. Ɗan kifi ne bai wuce tsawon yatsa ba, gajere mai kauri, launin taɓo, a Karolina da Jojiya mud minnow za ka ce a shago su gane. A fadamar yake rayuwa rani da damina, sanyi bai dame shi ba, ƙarancin iska a ruwa bai dame shi ba, wallahi sai ka bar su a bokiti a baranda kana ɗan canza musu ruwa su yi kwanaki suna nan daram. Ka soke shi ta leɓe daga ƙasa zuwa sama, ka jefa, ka jawo, ka sake jefawa, yana nan yana wutsil-wutsil, kifi ɗaya sai ya yi maka jifa da yawa. Sun fi jatan lande araha, kuma in ka sayi ɗan tarkon waya mai baki biyu, irin tsarin gurar masuntanmu, ka jefa gutsuren burodi ko fasasshiyar ƙaguwa a ciki ka ajiye a bakin ƙorama, kyauta za ka riƙa samu, sai dai ka duba dokar jihar kan tarko tukuna.

Ta fuskar ma'auni na biyar kuwa ba wanda ya kai su. Ka sa 'yar dalma kaɗan ya sauka ƙasan rami, kai ka riƙe sanda kawai ba ka yin komai, shi yake yi maka aikin yana motsi a wuri ɗaya a gaban kifin da ba ya son tashi. Jan kifi yana ci, trout yana ci, in akwai ragowar flounder shi ma abincinsa ne. Inda suka gaza shi ne black drum da sheepshead ba su cika kula su ba, su masu ɓawo suke so. Wani lokacin kuma ɗan banzan sai ya shige cikin tarin kawa ya ɓuya, ka zauna kana jira ashe ya maƙale maka ƙugiya, saboda haka duk bayan ɗan lokaci ka ɗaga sanda kaɗan ka tabbatar yana fili.

Mataccen abinci

Jatan landen firiza, gunduwar kifin mullet, ko ƙaguwa a fasa ta gida huɗu. Shi ne mafi araha kuma kullum akwai shi, abin da ya rage ka mayar firiza, duk da in ya narke ya sake daskarewa yana yin laushi ya riƙa zamewa daga ƙugiya. Aikinsa ƙarni ne, ka jefa da dalma ya zauna ƙasa, ruwa ya ɗauki ƙarnin ya kai wa kifi. Jan kifi da black drum da hanci suke kiwo, suna zuwa. Trout kuwa da ido yake farauta, da wuya ya kula mushe. Ka yi amfani da ƙugiya mai lanƙwasa ciki wadda take kama gefen baki, don in kifin bai kai girman da doka ta yarda ba ka iya sakinsa da rai. Aibinsa zama wuri ɗaya, in ka jefa a ramin da ba kowa haka za ka yini, ga ƙaguwa tana yi maka sata, a ɓangaren Teksas kuma akwai wata tarwaɗar teku mai ƙaya da dafi, kar ka damƙe ta da hannu, filaya ake sawa.

Roba mai laushi

Nan ne yawancin 'yan can suka tsaya, nan ne kuma sabon zuwa yake fara cewa robar nan ƙarya ce. Roba ce mai siffar ɗan kifi ko jatan lande, inci 3 zuwa 4, ana zura ta a ƙugiya mai dalma a ka, nauyin gram 3 da rabi in ruwan ba zurfi, gram 7 in rami ne ko ruwa yana gudu. Fakiti ɗaya bai kai dala 10 ba, yana shiga aljihu, ba bokiti ba batir ba ƙarni a mota, ka tashi daga aji ko wajen aiki ka wuce bakin ruwa kai tsaye. In aka yi lissafin wata uku na sanyi ita ce kwalliyar da take biyan kuɗin sabulu.

Amma hannu take so. Ka jefa ta saman inda ruwa yake gangarowa, ka bari ta nutse har ka ga zare ya saki alamar ta taɓa ƙasa, ka ɗan ɗaga kan sanda tsawon taƙi ɗaya, ka bari ta koma, sannan ka tsaya. Tsayawar nan ita ce komai, ka ƙirga biyar, ranar da sanyi ya yi yawa ka ƙirga goma. Cin ma ba fizga ba ce irin ta tarwaɗa, wani ɗan tik za ka ji a sanda, ko ka zo ɗagawa ka ji nauyi kawai, ko ka ga zare yana tafiya gefe shi kaɗai. Shi ya sa ake son siririn zare saƙaƙƙe da ba ya talewa, a ƙarshensa a ƙulla kamu biyu na farin zaren da ba ya nunawa a ruwa. Duk wanda ya ce min roba ba ta kama masa komai, in ka bincika sauri yake yi, yana naɗe zare yadda ya gani a bidiyon da aka ɗauka watan Yuli.

Iri biyu ne suka fi shahara kuma halinsu ya bambanta. Gulp tana zuwa a jiƙe cikin wani ruwa mai ƙarni, ko ka bar ta kwance a ƙasa kifi yana ɗauka, ita ce ta fi kusa da abinci na gaske kuma ita zan ba sabon hannu. Sai dai ba ta da ƙarko, kifi biyu uku ta yage, in ka manta da ita a jikin ƙugiya ta bushe sai ta ƙandare sai da wuƙa, ruwanta kuma in ya zube a jaka sai dai ka haƙura da jakar. Z-Man kuwa tana talewa, ka ja ta ta miƙe ta dawo, guda ɗaya tana kama kifi da yawa, kuma wutsiyarta tana ɗagowa sama in kan ya zauna ƙasa, abin da ake so kenan lokacin tsayawar nan. Sharaɗinta ɗaya, ka bar ta a ledarta, in ka haɗa ta da wasu robobin a akwati ɗaya narkewa suke yi su cakuɗe.

Haɗarin roba maƙalewa a kawa, za ka yi asarar ƙugiyoyi babu makawa, ka sayi da ɗan dama.

Kifin roba mai tauri

Irin su MirrOlure da Corky ɗin da 'yan Teksas suke ji da shi. An yi su ne su nutse a hankali ko su tsaya cak a tsakiyar ruwa, ka ɗan fizga sau biyu ka tsaya, abin ya yi lilo a wurin. Manyan trout na sanyi da shi ake kama su, wannan gaskiya ne. Amma guda ɗaya ya kai dala 10 ko fiye, ƙugiyoyinsa masu baki uku-uku ne, suna kama kawa suna kama ciyawa suna kama riga, in kifi ya yi tsalle a hannunka suna shiga yatsa, yatsan da sanyi ya riga ya kashe. In bai ɓata ba yana shekaru matuƙar kana wanke shi da ruwan famfo, gishiri ba ya barin ƙarfe. A ramin da ya yi zurfi sosai kuma ba ya kai wa ƙasa da wuri. Ni dai ban ga dalilin da ɗalibi zai fara da shi ba.

| Abin saƙalawa | Kuɗi | Ƙarko | Sauƙi | Haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Jatan lande mai rai | Tsada, duk fita sai ka saya | Yini ɗaya | Mai sauƙi ƙwarai | Yana mutuwa, yana yankewa a shago |
| 'Yan kifin taɓo | Araha, ko kyauta da tarko | Kwanaki | Mai sauƙi | Yana ɓuya a kawa |
| Mataccen abinci | Mafi araha | Yana zama a firiza | Mai sauƙi | Zaman banza, ƙaguwa, kifi mai ƙaya |
| Roba mai laushi | Araha in aka daɗe | Ya danganta da iri | Sai an koya | Asarar ƙugiya |
| Roba mai tauri | Tsada a guda | Shekaru in bai ɓata ba | Mai wuya | Rauni a hannu, asara mai ciwo |

Abin da ya shafi kowa ko me ya zaɓa

Lasisi dole ne, kowace jiha da nata, a waya ma ana saya, kuma jami'ansu suna zagayawa suna buɗe kula suna auna kifi. Akwai iyakar tsawo da iyakar adadi, misali jan kifi a Teksas daga inci 20 zuwa 28 ne, uku a rana, dokokin kuma suna canzawa, ka duba na shekarar. Kai da kake kan bizar karatu kar ka bari a ci ka tara. Trout ba ya jure sanyi, in ruwa ya sauka wajen digiri 7 a ma'aunin Salsiyos ya daɗe a haka sai su sandare su taso sama, a watan Fabrairun 2021 sanyin da ya faɗa wa Teksas ya kashe kifi aƙalla miliyan 3.8, Karolina ta Arewa ma ta rufe kamun trout a Janairun 2018 saboda irin haka. In ka ga kifi yana yawo a sama a sandare ba tsuntsu daga sama gasasshe ba ne, ka bar shi.

Taɓon nan kuma yana haɗiye ƙafa har cinya, kar ka taka inda ba ka ga wani ya taka ba, ga ruwa yana dawowa da sauri. In da ƙaramin kwale-kwale za ka shiga ka sa rigar ceto, ka san lokacin janyewar ruwa, mutane suna maƙalewa a cikin ƙorama awa shida suna jiran ruwa ya dawo, magariba kuma tun ƙarfe biyar da 'yan mintuna take yi. Kuma don Allah kar wani ya ce zai taho da tanarsa daga gida, a filin jirginsu ko kilishi ƙwacewa suke yi balle ƙasa da tsutsa.

To wa zai ɗauki me

In sau ɗaya ko biyu za ka fita duk sanyin, ko baƙo ka yi daga gida kana so ya kama wani abu ya ɗauki hoto, sayi jatan lande mai rai da gora, tsadar ta yini ɗaya ce.

In ɗalibi ne kai, kuɗi a ƙirge, kuma duk sati kana son fita, tarkon 'yan kifin taɓo da fakitin Gulp ɗaya sun ishe ka. Ka jefa ɗan kifin a rami, in shiru ta yi yawa ka koma roba kana koyon hannu.

In ba ka da mota ko wurin ajiye bokiti, ko abokin ɗakinka ba ya son ƙarni, roba mai laushi kawai, Z-Man don ƙarko, ka haƙura da fitar farko da ta biyu da za ka iya dawowa hannu rabbana.

In da iyali za ka je, yara suna guje-guje, kana so ka kafa sanda ka zauna da fulas ɗin shayi, mataccen abinci a bakin gada ko wurin saukar da jirgi, jan kifi ko black drum kake jira. In sheepshead kake so a jikin ginshiƙan gada, 'yar ƙaramar ƙaguwar nan mai hannu ɗaya babba ko gutsuren jatan lande.

In ka riga ka iya roba mai laushi, kana da kayan shiga ruwa, kuma babban trout guda ɗaya ya fi maka ƙanana goma, to lokacin roba mai tauri ya yi.

Wanda kuma tafiyarsa Legas ce, wajen Epe ko Badagry, ya ajiye maganar rami da jiran azahar, hunturu ba ya sanyaya ruwan can har kifi ya kwanta. Abin da rani yake canzawa a can gishiri ne, ruwan sama ya ɗauke ruwan teku ya ƙara shigowa cikin tafkin nan na Legas da ya haɗu da teku, kifin teku ya biyo shi. Jatan lande ɗanye daga hannun masunta a bakin ruwa ya ishe shi, ya kuma tambaye su lokacin da ruwa yake cika.